Kare Kunnen Jama'a Daga Kurumtar Ƙara: Jagora Ga Ma'aikatan Asibitin Matakin Farko

Mutumin da ƙara ke cinye wa kunne ba ya zuwa asibiti don kunne. Zazzaɓi ne ke kawo shi, ko ciwon baya, ko awon hawan jini. Na taɓa duba wani mai injin niƙa, magidanci da bai wuce shekara 45 ba, ya zo da tari, garin masara har a gashin girarsa. Na ce, "Malam, yaushe tarin ya fara?" Sai ya karkato kai, ya zuba wa bakina ido, ya ce, "Na'am?" Ɗansa da ya rako shi ya matso kusa da kunnensa ya ɗaga murya: "Baba, cewa ya yi yaushe ka fara tari." Da na tambaye shi shekara nawa ya yi a kan inji, ya ce tun yana yaron shago, an haura 20. Ya ƙara da cewa shi ƙarar ba ta damunsa ko kaɗan, ya riga ya saba.

Wannan "na saba" ita ce kalmar da nake so kowane ma'aikacin lafiya ya riƙa jin ta da faɗuwar gaba. Kunne ba ya sabawa da ƙara. Abin da ya faru shi ne ɓangaren da ke jin zafin ƙarar ya riga ya mutu. A can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, a cikinta akwai ƙwayoyi masu ɗan gashi a ka, kusan 15,000 a kowane kunne. Su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da dawa. In an huta sai su miƙe. In kuwa kullum ana maimaitawa, sai su karye, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Babu allura, babu ɗigon kunne, babu tiyatar da ke dawo da su. Shi ya sa aikin gaba ɗaya na riga-kafi ne, kuma mu da muke ganin mutane tun kafin su kai ga likitan kunne, a hannunmu yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na kurumtar da ke nakasa manya ƙarar wurin aiki ce ke jawo ta, kuma matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗari saboda yadda suke sauraron sauti da ƙarfi. A 2023 ta kuma bayyana cewa sama da kashi 60 cikin 100 na matsalolin kunne da ji ana iya gano su a kuma magance su a matakin farko. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: riƙe ma'aunin ƙara a ka

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana kusa da desibel 60. Iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka fi amfani da ita ita ce desibel 85 na tsawon awa 8 a rana. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sautin, don haka lokacin da kunne zai iya jurewa yana raguwa da rabi. A desibel 88, awa 4 ne. A 91, awa 2. A 94, awa 1. A 97, minti 30. A 100, minti 15 kacal. Harbin bindiga kuwa yana kaiwa 140 ko fiye, kuma harbi ɗaya na iya yin ɓarnar dindindin.

Ba ka da na'urar awo, mara lafiyarka ma ba shi da ita, amma akwai awon da kowa zai iya yi. In mutum yana tsaye kusa da kai, tazarar hannu ɗaya, sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai ko ta haura 85. In sai ka yi ihu a kunnensa, an wuce nan da nisa. Koya wa kowa wannan. Manhajojin auna ƙara na waya suna taimakawa wajen nuna wa mutum lamba da idonsa, sai dai ka ɗauke su a matsayin ƙiyasi, domin makirfon wayoyi ya bambanta.

Mataki na biyu: tambayi sana'a, ka kuma tambayi kunne

A nan ne yawancinmu ke sakaci. Muna rubuta "ɗan kasuwa" ko "leburanci" a kati mu wuce. Ka tsaya ka ji ainihin abin da mutum ke yi da yininsa. Mai niƙa da mai markaɗe, mai walda da ke yanka ƙarfe, maƙeri, mai gyaran jikin mota da ke bugun ƙarfe daga safe zuwa magariba, kafinta mai injin tsaga katako, mai fasa dutse, mai buga bulo, mai injin casar shinkafa, mai gadin da ke kwana kusa da janareta, makaɗi da mai sa kiɗa a biki, mafarauci da ɗan sintiri da 'yan bindigar hawan salla, ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano ko Kakuri a Kaduna: duk waɗannan, ko da me suka zo, ka yi musu tambayoyin kunne. Kada ka manta da mata. Akwai matan aure da ke da injin markaɗe a tsakar gida ko a zaure, suna kansa yini guda, yara na wasa a gefe.

Tambayoyin ba sa cin minti biyu. Shekara nawa kake wannan aikin, awa nawa a rana? In ka tashi daga aiki, kunnenka yana yin kuka, ko kana jin kamar an toshe shi da auduga? A gida ana cewa ka cika ƙure rediyo? In ana hira a majalisa ko a kasuwa, kana jin magana amma ba ka gane abin da aka ce?

Tambayar ƙarshen nan ita ce ta fi kama ɓarawo. Ƙara tana fara lalata jin siraran sautuka, wajen 4000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), kuma a nan ne haruffa irin su s, sh, f da ts suke zaune. Wasula da karin sautin Hausa suna ƙasa da nan, saboda haka mutum yana jin tashi da saukar murya sarai, amma sai "saya" da "tsaya" su rikice masa, ko "sha" da "sa". Shi a ganinsa mutane ne ke magana ciki-ciki. Yakan fi wahala da muryar mata da ta yara. In matarsa ko ɗansa na wurin, ka tambaye su, sukan riga shi lura da shekaru.

Kukan kunne da dushewar ji bayan tashi daga aiki, wanda ke washewa kafin gari ya waye, shi ne gargaɗin farko. Wanda ya ce maka yana samun haka, ka same shi a lokacin da ake so.

Mataki na uku: leƙa kunnen, sannan ka gwada ji

Kafin ka ɗora laifi a kan ƙara, leƙa da na'urar duba kunne. Dauɗar kunne da ta cunkushe, ko mugunya, ko hujin dodon kunne, ko guntun auduga da tsinken ashana da ya maƙale, duk suna rage ji kuma suna da magani. A kurumtar ƙara zalla, dodon kunne lafiya lau za ka gan shi. In za ka wanke dauɗa, ka tabbata babu tarihin huji ko zubar ruwa.

Daga nan sai gwajin raɗa. Zaunar da mutum a ɗaki marar hayaniya, ka tsaya a bayansa tazarar hannu ɗaya don kada ya karanta leɓenka. Toshe kunnen da ba a gwadawa ta hanyar danna ɗan tsokar gaban kunnen kana murzawa a hankali. Fitar da numfashinka duka, sannan ka raɗa lambobi ko gajerun kalmomi 3, ya maimaita. In ya kuskure, sake da wasu 3 dabam. Wanda ya kasa kawo 3 cikin 6 daidai yana buƙatar cikakken awo. Yi wa kowane kunne dabam.

In kana da ƙarfen gwajin ji mai baki biyu, na 512 Hz, buga shi ka ɗora a tsakiyar goshi. In matsalar toshewa ce a hanyar sauti, zai fi jin ƙugin a kunnen da ke da matsala. In ta jijiya ce a kunne ɗaya, zai fi ji a kunne mai lafiya. Kurumtar ƙara galibi kunne biyu take kamawa kusan daidai, don haka sautin yakan tsaya a tsakiya. Masu harbi ne suka fita dabam: wanda ke saɓa doguwar bindiga a kafaɗar dama, kunnen hagunsa ne ya fi fuskantar bakin bindigar, shi ya fi lalacewa.

Akwai kuma manhajar hearWHO da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, wadda ke karanto lambobi uku-uku cikin hayaniya mutum yana dannawa. Tana da amfani ga wanda ya san lambobi da Turanci, kuma masu waya da yawa sun sani.

Abu guda da ya kamata ka riƙe: mutum na iya cin gwajin raɗa alhali ɓarna ta riga ta fara. Cin gwajin ba takardar sallama ba ce. In sana'arsa ta ƙara ce, nasihar da ke tafe ta hau kansa.

Mataki na huɗu: san wanda za ka tura gaba, da saurin da za ka tura shi

Wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ko cikin kwana 3, ka leƙa ba ka ga dauɗa ko mugunya ba, wannan gaggawa ce. Tura shi wurin likitan kunne a ranar. Maganin da ake ba irinsa ya fi aiki a cikin mako 2 na farko, kuma kowace rana tana da daraja. Kada ka ba shi ɗigon kunne ka ce ya dawo bayan mako.

Haka nan ka tura wanda kunne ɗaya ya fi ɗaya rauni ƙwarai ba tare da dalili ba, da mai kukan kunne a gefe guda ko mai bugawa tare da bugun zuciya, da mai jiri, da wanda fuskarsa ta karkace, da wanda fashewar wani abu ta rutsa da shi har kunne ya yi jini. A ƙasarmu kada ka manta da sanƙarau, ƙyanda, hangum da zazzaɓin Lassa, dukkansu suna iya barin kurumta. Tambayi ko ya yi wata doguwar jinya kafin jin ya ragu.

Sauran, waɗanda kake zargin ƙara ce ke cin su a hankali, suna buƙatar awon ji na na'ura ba tare da gaggawa ba. Ana yin sa a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri. Gaya masa ya nisanci ƙara aƙalla awa 14 kafin awon, don kada dushewar wucin gadi ta ɓata sakamakon. A takardar turawa rubuta sana'a da shekarun da ya yi a cikinta.

Mataki na biyar: duba alƙalaminka

Wasu magungunan da muke rubutawa kullum suna taɓa katantanwar kunne, kuma in suka haɗu da ƙara ɓarnar ta fi yawa. Gentamicin, streptomycin da amikacin suna kan gaba, ɓarnarsu kuma ba ta komawa. Furosemide mai yawa, musamman ta jijiya, da asfirin mai yawa da kwinin suna sa kukan kunne da dushewar ji, kodayake nasu yakan washe in an daina. Ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, allurar artesunate ce zaɓin farko. In dole ne a ba mai aikin ƙara gentamicin, a auna shi bisa nauyinsa, a taƙaita kwanaki, a kula da ƙodarsa, a ce masa ya huta da inji har ya gama, kuma ya dawo nan take in kunne ya fara kuka. In dodon kunne ya huje, ɗigon ciprofloxacin ya fi aminci a kan ɗigo mai gentamicin ko neomycin. Ka kuma ja kunnen jama'a a kan zuwa kemis a yi musu allurar gentamicin don ƙaramin ciwo. Masu fentin mota da ke shaƙar sinadarin tsinka fenti su ma haɗarinsu ya ƙaru, domin irin waɗannan sinadarai suna taɓa ji.

Mataki na shida: nasihar da mutum zai iya aiki da ita

Kada ka ce wa mai niƙa ya bar niƙa. Da ita yake ci da iyali, kuma daga ranar da ka faɗi haka ya daina sauraronka. Bi da shi daki-daki, daga injin zuwa kunnen.

Fara da rage ƙarar daga tushe. Injin da notinsa ya kwance, ko borisinsa ya cinye, ko bel ɗinsa ya saki, ko salansarsa ta fashe, ya fi ƙara nesa ba kusa ba. A ɗaure, a sa giris, a gyara salansa. A ɗora inji a kan guntun tsohuwar taya ko roba mai kauri maimakon kan siminti tsirara. Rumfar kwano da ta rufe ko'ina tana mayar da amo cikin kunne, a buɗe gefe in da hali.

Sai tazara. A fili, duk ninka nisa tsakaninka da inji yana rage kusan desibel 6. Janareta ya koma bayan shago ko bayan katanga, can nesa da taga, wanda kuma kariya ce daga hayaƙinsa mai kisa. Masu jiran niƙa su ajiye kwano su koma waje.

Sai lokaci. In su biyu ne a kan inji, su riƙa karɓa-karɓa. A kashe inji in babu aiki. Lokacin salla da cin abinci a yi su nesa da ƙara, don kunne ya samu hutu na gaske.

A ƙarshe ne ake zuwa ga abin toshe kunne, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Auduga ko tsumma ko takarda ba sa tare wani abin kirki, sai dai su ba mutum kwanciyar hankalin ƙarya. Abin da ke aiki shi ne matoshin kunne na soso ko na roba, ko marufin kunne mai kama da hedifon, ana samun su a wurin masu sayar da kayan aikin gini da na walda. Ajiye guda biyu a aljihun teburinka don nuni. Da hannu mai tsabta, murza soson tsakanin yatsu har ya zama siriri ba tare da ya lanƙwashe ba. Zagaya ɗaya hannun ta bayan kai ka ja saman kunne sama da baya, don hanyar ta miƙe. Tura soson ciki, ka riƙe da ɗan yatsa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. In ya zauna daidai, mutum zai ji muryarsa ta yi kauri a kansa, kuma wanda ke kallonsa ta gaba da ƙyar zai hango soson. Ka sa shi ya yi da kansa a gabanka, kunne biyu. Yawancin mutane a karon farko rabi suke sawa, rabi na leƙe a waje, wanda kusan daidai yake da babu.

Gaya masa gaskiyar lissafin cirewa. Komai ingancin matoshi, in ya cire shi na awa 1 cikin awa 8 a tsakiyar ƙara, kariyar yinin gaba ɗaya ba za ta wuce desibel 9 ba. A sa kafin a tayar da inji, a cire bayan an kashe. Zai ce zafi, zai ce ba zai ji mai kawo niƙa ba, zai ce da kunne yake gane in inji ya samu matsala. Duk ƙorafi ne na gaskiya, kada ka yi watsi da su. Ka ce masa ya gwada na mako biyu, domin a cikin ƙara mai yawa matoshi yana rage injin da muryar tare, kuma da yawa sukan ga ba su rasa maganar da suke tsoron rasawa ba, ga ciwon kan yamma ya ragu. Soso in ya yi datti ko ya daina kumbura a canza. Mai zubar mugunya kada ya sa matoshi, marufi ya dace da shi. Mai harbi da mai fasa dutse su haɗa biyun.

Mataki na bakwai: yara, matasa da taro

Ranar awo da ranar riga-kafi dama ce. Faɗa wa iyaye mata kada su tsaya a rumfar niƙa da goyo a baya, kada a zaunar da jariri kusa da lasifika a wurin biki ko suna, kuma yarinyar da aka aika markaɗe ta jira daga nesa. Jariri ba zai ce kunnensa na kuka ba.

Ga matasa masu iyafis a kunne dare da rana, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne desibel 80 na awa 40 a mako ga manya, 75 ga yara. A desibel 90, awa 4 ne kawai a mako. A aikace: kada ƙarar waya ta wuce kashi 60 cikin 100, a riƙa cirewa ana hutawa, kada a yi barci da shi. Haɗarin ya fi yawa a cikin adaidaita sahu ko a bakin titi, inda ake ƙure sauti don a danne hayaniya. In na kusa da kai yana jin abin da kake saurare, ya yi yawa, karatu ne ko waƙa ko wasan ƙwallo.

Mataki na takwas: fita daga asibiti

Wanda ya fi buƙatar wannan saƙo shi ne yaron shago ɗan shekara 14 da bai taɓa zuwa wurinka ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron ba zai sa matoshi ba sai ya ga ogansa ya sa. Don haka ka nemi shugaban ƙungiyar masu niƙa, da na masu walda, da Sarkin Maƙera, ta hannun mai unguwa ko kwamitin lafiya na mazaɓa. Je ka same su a wurin aikinsu, ka auna ƙarar da waya su ga lambar, ka nuna sa matoshi, ka ba da shawarar ƙungiya ta sayo kwali guda a raba, ya fi araha. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, ta dace da irin wannan fita. Liman ma a same shi cikin ladabi a kan lasifikar cikin masallaci, musamman wadda ke saitin kan dattawan sahun gaba. Sau da yawa ɗaga ta sama da ɗan rage murya ya wadatar.

In kana magana da masu masana'anta, ka sani akwai dokar ƙayyade ƙara ta 2009 da hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, ke kula da ita, kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda aiki ya lalata wa ji. Wannan na ɗaya daga cikin dalilan da suka sa rubutunka a kati yake da nauyi.

Mataki na tara: rubuta, ka sa ranar dawowa

Rubuta sana'a, shekarun aiki, awannin ƙara, kukan kunne, abin da ka gani a kunne, sakamakon gwajin kowane gefe, da ko an nuna masa matoshi. Mai aikin ƙara a sake gwada shi duk shekara. Wanda aka fara ba matoshi ya dawo bayan wata guda da shi a aljihu, ya sa a gabanka.

Wanda jinsa ya riga ya ragu, kada ka sallame shi da "sai haƙuri". Abin da ya rage masa ya cancanci kariya fiye da na kowa, kuma kurumtar ƙara takan daina gaba in an daina shiga ƙarar. Na'urar ƙara ji tana taimaka wa da yawa, bayan an yi awo an saita ta daidai da kunnensa. Mai kukan kunne da ke hana shi barci, ƙaramar fanka ko rediyo can ƙasa-ƙasa da dare yana rage masa damuwa, kuma ka tambaye shi halin zuciyarsa, domin wasu abin yana kai su ga ƙunci. Sannan ka juya ga wanda ya rako shi. Da ɗan mai niƙan nan na yi maganar ƙarshe a ranar: ya daina yi wa mahaifinsa ihu a kunne, ya kira shi tukuna, ya fuskance shi a wuri mai haske, ya kashe rediyo, ya yi magana a natse, in bai gane ba ya sauya kalma maimakon maimaita ta da ƙarfi. Da na tambayi yaron ko shi ma yana taya aiki a kan injin, ya ce kullum bayan makaranta. Na buɗe masa kati shi ma, na zaunar da shi, na koma bayansa na fara gwajin raɗa.